Philip Randolph, jagoran masu hidimar jirgin ƙasa da ya sa shugabannin Amurka biyu sa hannu

Kowace shekara ranar 1 ga watan Mayu, idan uwayen ƙungiyoyin ƙwadago suka fito jerin gwano a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, da wuya a watse ba a ambaci birnin Shikago na Amurka ba, inda ma'aikata suka tashi neman aikin awa takwas a yini cikin shekara ta 1886. Abin da ba a faye faɗa ba shi ne, shekaru masu yawa bayan wannan gwagwarmaya, manyan sandika da dama na ƙasar ba sa karɓar baƙar fata. Na direbobin jirgin ƙasa, da na masu zuba kwal a inji, da na kwandastoci, sun rubuta hakan ƙarara cikin dokokinsu. Ma'aikaci baƙar fata ya zama gaba kura baya sayaki: mai kamfani na cin guminsa, abokin aikinsa farar fata kuma ya rufe masa ƙofar ƙungiya. Asa Philip Randolph ya kwashe sama da shekara hamsin yana fama da ɓangarorin biyu.

An haife shi ranar 15 ga watan Afrilu na 1889 a wani ƙaramin gari mai suna Crescent City, cikin jahar Fulorida da ke kudancin Amurka. A lokacin shekara 24 ke nan da soke bauta a ƙasar. Mahaifinsa, James William Randolph, tela ne kuma mai wa'azi a wata majami'ar baƙaƙen fata. Mahaifiyarsa Elizabeth ita ma ɗinki take yi. A 1891 iyalin suka koma Jacksonville. Gidan talakawa ne, amma mahaifin ya lizimci sa ƴaƴansa maza biyu su yi karatu da ƙarfi a gabansa, yana gyara musu lafazi kalma bayan kalma. Daga nan Randolph ya samo muryar nan mai kauri da magana a tsanake da aka san shi da ita har tsufansa.

Akwai wani dare na ƙuruciya da bai taɓa mantawa ba. Labari ya bazu cewa wasu fararen fata za su fasa gidan kaso su fito da wani baƙar fata su kashe shi ba shari'a, kamar yadda aka saba a kudancin ƙasar a wancan zamani. Mahaifinsa ya soke ƙaramar bindiga cikin riga, ya bi sauran mazan unguwa suka je suka tsare ƙofar gidan kason. Mahaifiyarsa ta kwana zaune a ɗaki da doguwar bindiga bisa cinya, tana gadin yara. Gari ya waye ba a taɓa fursunan ba.

Ya gama makarantar Cookman a 1907, shi ne na ɗaya a ajinsu, amma a Jacksonville babu aikin da za a ba shi sai na ƙarfi. A 1911 ya tafi Niyok, ya sauka unguwar Harlem. Da rana yana ƙananan ayyuka, wani lokaci sharar gidaje, wani lokaci tuƙa na'urar hawa bene, da dare kuma yana ɗaukar darasi a kwalejin birnin. Burinsa na farko wasan kwaikwayo ne, har ya fito a wasannin Shakespeare, amma iyayensa ba su so ba, ya haƙura. A kwalejin ne ya karanta littattafan ƴan gurguzu, ya shiga jam'iyyarsu, ya koyi tsayawa bisa akwati a bakin titi yana yi wa masu wucewa jawabi. Ya auri Lucille Campbell Green, wadda mijinta na fari ya rasu, mai takardar jami'ar Howard, mai shagon gyaran gashi. Ya kamata a faɗi wannan da kyau, domin masu tarihi sukan wuce shi da sauri: shekaru da yawa kuɗin shagon Lucille ne ke ciyar da gidan, shi ne kuma ke biyan kuɗin buga mujallarsa.

Mujallar ita ce The Messenger, wato Ɗan Aike, wadda ya kafa da abokinsa Chandler Owen a 1917. Sun soki shigar Amurka yaƙin duniya na ɗaya, suna tambayar dalilin da zai sa baƙar fata ya je Turai ya mutu don dimokuraɗiyyar da ba a ba shi a gida. A 1918 aka kama su a Cleveland suna tsakiyar jawabi. Alƙalin da aka kai su gabansa bai yarda cewa samari baƙaƙe biyu za su iya rubuta irin abin da ke cikin mujallar ba, ya ɗauka wasu fararen fata ne ke amfani da su, sai ya sallame su. Rainin da aka yi musu shi ya cece su daga kurkuku. Randolph ya yi takara sau biyu a jahar Niyok ƙarƙashin jam'iyyar gurguzu, ya faɗi. Ya kafa ƙananan ƙungiyoyin ma'aikata, suka mutu. Ya yi rigima mai zafi da Marcus Garvey, wanda ke kiran baƙaƙen fata su koma Afirka. Da ya kai shekara 36, in ban da suna a Harlem da iya magana, ba shi da wani abin a zo a gani.

Aikin Pullman

George Pullman ya kafa kamfaninsa a 1867. Sana'arsa ita ce ƙera taragun jirgin ƙasa masu gadaje, ya haɗa su a jiragen wasu kamfanoni, matafiyi ya biya ƙarin kuɗi ya kwana kamar yana otel. Mu da ba mu saba da jirgin ƙasa ba, sai mu tuna cewa tafiya daga gabashin Amurka zuwa yammacinta kwanaki take ɗauka, kuma kafin jirgin sama ya yawaita duk mai hali ta nan yake bi. Don hidimar waɗannan matafiya Pullman ya zaɓi tsofaffin bayi da aka ƴanta, musamman waɗanda suka yi aikin cikin gida, saboda sun saba da biyayya kuma ba za su nemi kuɗi da yawa ba. Bayan rasuwarsa a 1897, wanda ya gaji shugabancin kamfanin shi ne Robert Todd Lincoln, ɗan shugaba Abraham Lincoln da ya ƴanta bayin.

A shekarun 1920 babu kamfanin da ya kai Pullman ɗaukar maza baƙaƙen fata aiki a duk Amurka, sun haura 10,000. A unguwanninsu ana ganin su da daraja, suna da kaki mai tsafta da albashin wata, sun ga garuruwa, su ne kuma ke shigar da jaridun baƙaƙen fata na arewa zuwa kudu a ɓoye. Cikin tarago labarin daban ne. Mai hidima zai ɗauki kaya, ya shimfiɗa gadaje da yamma ya naɗe su da safe, ya goge takalman fasinjoji suna barci, ya wanke tukwanen tofa miyau, ya amsa ƙararrawa ko da ƙarfe nawa aka buga. Sai ya cika awa 400 a wata, ko tafiyar mil 11,000, kimanin kilomita 17,700, kafin a yi maganar kuɗin ƙarin lokaci. Awoyin da yake yi yana shirya tarago kafin jirgi ya tashi ba a lissafa su. Albashin farawa a 1925 dala 67 da rabi ne a wata, alhali kwandasta farar fata na karɓar fiye da ninki biyu da aikin da bai kai nasa ba. Daga aljihunsa yake sayen kaki, da abinci a hanya, har da man goge takalman mutane. Tawul ya ɓace, a cire a albashinsa. Barcinsa awa uku ne ko huɗu, bisa kujera a ɗakin shan taba. Abin da ke cike giɓin shi ne tukuicin fasinja, kuma wanda ke rayuwa da tukuici dole ya yi murmushi ko an zage shi.

Sai maganar suna. Fasinjoji ba sa damuwa su san sunan mai yi musu hidima, kowa George suke ce masa, sunan mai kamfanin. Ma'aikatan sun san inda wannan ɗabi'a ta samo asali, domin a zamanin bauta da sunan ubangiji ake kiran bawa.

Ba su da wurin kai kuka. A babban yajin aikin da aka yi wa Pullman a 1894, sandikar da Eugene Debs ya jagoranta ta kaɗa ƙuri'a, da ƙaramin rinjaye, ta ƙi karɓar baƙar fata. Daga baya kamfanin ya ƙirƙiro wata ƙungiya tasa ta wakilan ma'aikata, wadda shi ke juya ta. Duk wanda ya yi yunƙurin kafa ta gaskiya, kora ce sakamakonsa. Wannan ne ya sa wani mai hidima, Ashley Totten, da abokansa suka nemi Randolph a 1925. Bai taɓa shimfiɗa gado a tarago ba, kuma abin da suke nema ke nan: mutumin da Pullman ba ta biyansa, ba ta da ikon korarsa.

Ranar 25 ga watan Agusta na 1925 mutum wajen 500 suka taru a wani zaure a Harlem. Sanin cewa akwai ƴan leƙen asirin kamfani a ciki, Randolph ya hana kowane ma'aikaci buɗe baki. Shi ya buɗe taro, shi ya gabatar da baƙi, shi ya yi jawabi, shi ya rufe, don kada gobe a ce wane ya yi magana. A daren aka kafa Ƙungiyar Ƴan'uwantaka ta Masu Hidima a Taragun Kwana.

Shekara goma sha biyu

Kamfanin bai tsaya wasa ba. Ya kori ɗaruruwan waɗanda aka gano suna da katin ƙungiya. Ya ɗauko ma'aikata ƴan ƙasar Filifin ya sa a wasu taragu don kowa ya gane ana iya maye gurbinsa. A Shikago, inda hedikwatarsa take, ya daɗe yana ba majami'u da cibiyoyin baƙaƙen fata gudummawa, don haka malaman coci da yawa da wasu jaridu suka juya wa ƙungiyar baya, suna cewa kada a ɓata wa mai ba da aiki rai. A can Milton Webster ne ya riƙe reshe, mutum mai kaushin hali da sanin siyasar unguwa, kishiyar Randolph a ɗabi'a, kuma da babu shi da wuya ƙungiyar ta rayu. A Oakland, can gaɓar yamma, akwai C. L. Dellums, wanda shi ma aka kora. Matan ma'aikatan sun ɗauki kaso mai nauyi. Da yake mazan na tsoron a gan su, irin su Rosina Tucker a Washinton su ke bi gida gida suna karɓar kuɗin ƙungiya da raba takardu a asirce.

A 1928 Randolph ya yi kuskuren da ya kusa kashe ƙungiyar. Sama da mutum 6,000 suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da yajin aiki, aka sa rana cikin watan Yuni. Lissafinsa shi ne, barazanar za ta sa hukumar sasanta rikicin jiragen ƙasa ta ayyana halin gaggawa, shugaban ƙasa ya shigo cikin maganar, a tilasta wa Pullman zama. Hukumar ta ce ba ta ga wata gaggawa ba. Kamfanin ya riga ya tanadi masu maye gurbi, asusun ƙungiya kuma babu abin da zai ciyar da masu yaji ko na mako guda. William Green, shugaban uwar ƙungiyar AFL, ya ba da shawarar a ɗage, Randolph ya janye ana gab da farawa. Ma'aikata suka ji an yaudare su, suka dinga ficewa. Mujallarsa ta mutu a shekarar. Sai ga karayar tattalin arzikin 1929 ta biyo baya. Zuwa 1933 membobi 658 suka rage, an yanke wuta da tarho a ofishin ƙungiya, shi kansa sai an yi karo-karo kafin ya samu kuɗin jirgi zuwa taro. Magajin garin Niyok, Fiorello La Guardia, ya yi masa tayin aikin gwamnati mai albashi, ya ƙi.

Abin da ya juya al'amarin daga Washinton ya zo. Bayan hawan shugaba Franklin Roosevelt, majalisa ta gyara dokar ma'aikatan jirgin ƙasa a 1934. Gyaran ya shigar da ma'aikatan taragun kwana ƙarƙashin kariyar doka, ya hana kamfani riƙe ƙungiyar da shi ke ɗaukar nauyinta. A 1935 aka yi zaɓe a asirce don ma'aikata su faɗi wanda zai wakilce su. Ƙungiyar Randolph ta samu ƙuri'a 5,931, ta kamfani 1,422. Waɗanda suka fice don tsoro ashe ba su canza zuciya ba. Duk da haka Pullman ta ja tattaunawa har shekara biyu. Ranar 25 ga watan Agusta na 1937, shekara goma sha biyu cif da taron Harlem, aka sa hannu. Awoyin wata suka sauko daga 400 zuwa 240, aka samu ƙarin albashi da jimillarsa ta kai kimanin dala miliyon biyu, aka kafa hanyar sauraron ƙorafi kafin a kori mutum. Wannan ne karo na farko da wani babban kamfanin Amurka ya rattaba hannu kan yarjejeniya da sandikar baƙaƙen fata.

Tattakin da ba a yi ba

A 1940 masana'antun makamai suka buɗe saboda yaƙin Turai, fararen fata suka samu aiki bayan shekaru goma na zaman banza. Baƙar fata in ya je ƙofar masana'anta sai a ce babu, ko a miƙa masa tsintsiya. Randolph da wasu shugabanni sun je fadar shugaban ƙasa cikin ladabi, suka dawo hannu rabbana. Yana cikin jirgi tare da Webster kan hanyar kudu ya kawo shawarar a tara baƙaƙen fata 10,000 su yi tattaki zuwa Washinton. A watan Janairu na 1941 ya yi shela, aka sa ranar 1 ga watan Yuli. Masu hidimar taragu suka ɗauki saƙon zuwa duk tashar da jirgi ke tsayawa. Da abin ya karɓu, ya ɗaga adadin zuwa 100,000. Ya kuma ce tattakin na baƙaƙen fata ne zalla, wani ɓangare don mutanensa su koyi tsayawa da ƙafarsu, wani ɓangare don toshe wa ƴan kwaminisanci hanya, domin shekara guda kafin nan ya ajiye shugabancin wata babbar ƙungiyar baƙaƙen fata saboda sun mamaye ta.

Washinton a lokacin gari ne na wariya, otel da gidan abinci ba sa karɓar baƙar fata. Roosevelt ya tsorata da abin da zai faru a titi, da kuma abin da farfagandar Hitler za ta yi da hotunan. Ya aika matarsa Eleanor da La Guardia su lallashi Randolph, bai sauya ba. Ranar 18 ga watan Yuni aka kira shi fadar White House tare da Walter White na ƙungiyar NAACP. Shugaban ya gwada raha da labarai, ya yi alkawarin zai yi wa masu masana'antu magana da bakinsa. Randolph ya ce a rubuce yake so, da sa hannu. Roosevelt ya juya ga White ya tambaye shi gaskiyar yawan mutanen da za su zo, White ya tabbatar masa ba za su kasa 100,000 ba. Bayan mako guda, ranar 25 ga watan Yuni, aka fitar da dokar shugaban ƙasa mai lamba 8802, wadda ta haramta wariyar launi, addini ko asali wajen ɗaukar aiki a masana'antun tsaro da ma'aikatun gwamnati, ta kafa komitin sa ido. Randolph ya soke tattakin.

Har yau masana na gardamar ko da gaske zai iya tara mutum 100,000. Abin da ya bambanta 1941 da 1928, a ganina, shi ne wannan karon wanda ake yi wa barazana ba shi da halin gwadawa, kuma ya san mutumin da ke gabansa ya riga ya durƙusar da Pullman. Matasan tafiyar, cikinsu har da Bayard Rustin, sun yi fushi, suka ce an sayar da su da araha tun da dokar ba ta taɓa wariya cikin soja ba. Suna da hujja. Komitin ba shi da kuɗi sosai, ba shi da ikon hukunta kowa, kuma ya mutu a 1946. Amma kason baƙaƙen fata a masana'antun yaƙi ya tashi daga kusan kashi 3 cikin 100 a 1942 zuwa wajen kashi 8 a ƙarshen yaƙin, ko da yake ƙarancin ma'aikata shi ma ya taimaka.

Maganar soja ya dawo kanta a 1948, lokacin da shugaba Harry Truman ya nemi dokar tilasta wa matasa shiga soja. Randolph ya gaya wa Truman ido da ido, ya kuma maimaita gaban komitin majalisar dattawa, cewa zai shawarci matasa su ƙi amsa kira muddin rundunar a rabe take. Wani sanata ya gargaɗe shi cewa ana iya tuhumarsa da cin amanar ƙasa, ya ce ya shirya zuwa kurkuku. Shugabannin baƙaƙen fata da dama sun nisanta kansu da shi. Sai dai shekarar zaɓe ce, Truman na buƙatar ƙuri'un baƙaƙen fata na manyan biranen arewa. Ranar 26 ga watan Yuli ya sa hannu kan doka mai lamba 9981 ta daidaita kowa a rundunonin ƙasar. Randolph ya sake janyewa, matasa suka sake zaginsa. Rukunonin soja na baƙaƙe zalla ba su ƙare ba sai 1954.

Rigimar cikin gida

Faɗan da ya fi cin ransa shi ne na cikin ƙungiyar ƙwadago. Kowace shekara a babban taron AFL sai ya miƙe ya karanto sunayen sandikar da ke hana baƙar fata kati, ya nemi a hukunta su, a kaɗa ƙuri'a a kayar da shi, wasu wakilan ma su fice shan taba yana magana. Da AFL da CIO suka haɗe a 1955 ya zama ɗaya daga cikin mataimakan shugaba, amma bai yi shiru ba. A taron 1959 shugaban uwar ƙungiyar, George Meany, ya daka masa tsawa a bainar jama'a, yana tambayar wanda ya naɗa shi wakilin dukkan ma'aikata baƙaƙe. A 1960 ya kafa wata majalisar ma'aikata baƙaƙen fata, a 1961 shugabannin AFL-CIO suka yi masa takardar tsawatarwa bisa zargin raba kan ma'aikata. Bai fice ba. Imaninsa shi ne baƙar fata, wanda akasarinsa ɗan ƙwadago ne, ba shi da makoma a wajen sandika, komai munin halin shugabanninta.

A wannan tsakanin irin da ƙungiyarsa ta shuka ya fara tsirowa a kudu. Da aka kama Rosa Parks a Montgomery cikin watan Disamba na 1955 don ta ƙi tashi wa farar fata a bas, wanda ya je ya yi belinta, ya kuma kira malaman coci a shirya ƙaurace wa bas, shi ne E. D. Nixon, mai hidimar Pullman kuma shugaban reshen ƙungiyar a garin. Cikin waɗanda ya kira akwai wani matashin fasto, Martin Luther King. A watan Maris na 1957 Randolph da King na cikin baƙin da suka halarci bikin ƴancin kan Gana a Akara.

A 1963, shekara ɗari da shelar ƴanta bayi, ya farfaɗo da tattakin da ya soke a 1941. Yana da shekara 74, Lucille kuma ta rasu cikin watan Afrilu na shekarar. Shi ya nace a sa kalmar aiki a sunan tattakin, gaba da kalmar ƴanci, domin a ganinsa ikon shiga gidan abinci ba shi da amfani ga wanda ba shi da kuɗin sayen abincin. Cikin buƙatun akwai mafi ƙarancin albashi na dala biyu a awa, da shirin gwamnati na samar da aiki. Shugaba John Kennedy ya so a fasa, Randolph ya ce mutane sun riga sun fito titi, abin da ya rage shi ne wa zai jagorance su. Meany ya hana AFL-CIO goyon baya, amma Walter Reuther na sandikar masu ƙera motoci ya zo da kuɗi da mutane. Wasu shugabannin sun ƙi a ba Rustin ragamar shiri saboda tsohuwar alaƙarsa da kwaminisanci, da ɗaurin da ya sha don ƙin shiga soja, da wata shari'a kan rayuwarsa ta sirri. Randolph ya karɓi muƙamin da sunansa, ya naɗa Rustin mataimaki, ya bar masa aikin, ya kuma kare shi lokacin da wani sanatan kudu ya tona waɗannan abubuwa a majalisa.

Ranar 28 ga watan Agusta mutum kimanin 250,000 suka cika filin da ke gaban ginin tunawa da Lincoln. Randolph ne ya fara jawabi. A bayan dandali ya roƙi matashi John Lewis ya sassauta kalaman da suka kusa raba kan masu taron, ya tuna masa cewa shekara 22 yake jiran wannan rana, Lewis ya yarda. Shi ne kuma ya gabatar da King, wanda jawabinsa ya danne na kowa a tunanin duniya, har mutane da yawa yau suna ɗauka King ne ya kira taron. Akwai abin zargi a ranar: duk da ƙorafin Anna Arnold Hedgeman, mace ɗaya tilo a komitin shiri, ba a ba kowace mace babban jawabi ba, kuma Randolph, wanda mata suka riƙe masa gida da ƙungiya, bai ga laifin hakan ba. Shekara guda bayan tattakin aka kafa dokar ƴancin jama'a ta 1964, wadda wani sashenta ya haramta wariya wajen ɗaukar aiki a kamfanoni masu zaman kansu, abin da ya fara nema tun 1941. A shekarar shugaba Lyndon Johnson ya ba shi lambar yabo mafi girma ta farar hula.

Shekarunsa na ƙarshe ba su yi daɗi ba. A 1966 shi da Rustin suka gabatar da wani kasafi na dala biliyon 185 cikin shekara goma don kawar da talauci, yaƙin Biyetnam ya cinye kuɗin da hankalin gwamnati. Sabbin matasa masu kiran ikon baƙar fata suna ganin sa tsoho mai sassauci. A 1968, da rikici ya ɓarke a Niyok tsakanin sandikar malaman makaranta, wadda akasarinta fararen fata ne, da iyayen yara baƙaƙe masu son iko da makarantun unguwarsu, ya goyi bayan sandika saboda an cire malamai ba bisa ƙa'ida ba. Mutanensa da yawa ba su yafe masa ba. A shekarar ya ajiye shugabancin ƙungiya, Dellums ya gaje shi. Ɓarayi suka tare shi a Harlem, abokai suka mayar da shi wani gida a unguwar Chelsea.

Sana'ar da ya yi wa yaƙi ita ma ta zo ƙarshe. Jirgin sama da manyan hanyoyin mota sun kwashe fasinjoji, kamfanin Pullman ya daina aikin taragun kwana a ƙarshen 1968. A 1978 ƙungiyar, da ƴan membobin da suka rage mata, ta narke cikin wata babbar sandikar ma'aikatan sufuri. Randolph ya rasu a gidansa na Niyok ranar 16 ga watan Mayu na 1979, yana da shekara 90, bai bar ɗa ko jika ba. Mutum-mutuminsa na tsaye a babbar tashar jirgin ƙasa ta Washinton.